Tsakanin Jidda da Kano a Jirgin Sama: Tambayoyi da Amsoshi kan Nisa da Tsawon Lokacin Tafiya

Hausawan da ke zaune a Jidda da Makka da Madina, da waɗanda Hajji ko Umara ko kasuwanci ke kawowa, ba su rabuwa da tambayar awa nawa jirgi yake yi tsakanin Jidda da Kano. Wani zai ce awa huɗu da rabi, wani ya ce shi bakwai ya yi, wani kuma ya rantse sai da ya kwana a hanya, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Nisan da ke tsakanin biranen biyu ba ya canjawa, amma lokacin da ake ɗauka kafin a ƙure shi yana bin hanyar da jirgi ya bi, da iskar da ya tarar a sama, da agogon da mutum ya duba.

Kilomita nawa ne tsakanin Jidda da Kano?

Daga Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zuwa Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, nisan ya ɗan haura kilomita 3,400, idan aka auna shi a miƙe ba tare da karkacewa ba. A lissafin mil, kimanin mil 2,130 ke nan. Matuƙa jirgin sama kuwa da mil na teku suke aiki, wanda kowane ɗaya yake daidai da kilomita 1 da mita 852, saboda haka a takardunsu nisan yana fitowa ne a kimanin 1,850. Wannan ne ya sa mutum zai iya ganin alƙaluma uku daban-daban a allon da ke bayan kujerar jirgi har ya zaci kuskure ne, alhali nisa ɗaya ake nufi.

Ya kamata a riƙe cewa wannan shi ne mafi ƙarancin abin da zai yiwu. Jirgin fasinja ba ya bin miƙaƙƙen layi daga tashi har sauka. Akwai hanyoyi tsararru a sama waɗanda hukumomin kula da zirga-zirgar jirage suka shata, kuma jirgi yakan yi gewaye kafin ya daidaita da titin sauka, don haka abin da yake ci a zahiri yana ɗara wancan adadi ko da a lokacin zaman lafiya.

Idan jirgin kai tsaye ne, awa nawa yake yi?

Manyan jiragen da ake amfani da su a wannan hanya, irin su Airbus A330 da Boeing 777 da Boeing 747 da aka daɗe ana jigilar alhazai da shi, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa idan sun kai sama sosai, wato tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga doron ƙasa. Idan aka raba 3,400 da wannan gudu, za a samu kimanin awa 4. Sai dai jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudu: yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 yana haurawa, yana kuma ɗaukar kusan haka yana rage gudu yana gangarowa. Da wannan, zaman da fasinja zai yi a sama a kan miƙaƙƙiyar hanya yana kamawa daga awa 4 da rabi zuwa awa 5.

Lokacin da kamfani ke rubutawa a tikiti ya fi haka kaɗan, domin yana fara ƙidaya ne daga sa'ad da aka janye jirgi daga wurin hawa zuwa sa'ad da ya tsaya cak a ɗaya filin. A Jidda, musamman a watan Azumi da bayan Arfa, jirgi yana iya bin layi na tsawon lokaci kafin a ba shi izinin tashi.

Tikitina ya nuna zan tashi daga Jidda ƙarfe 10 na safe in sauka Kano ƙarfe 12:45 na rana, amma dawowa ya nuna kusan awa bakwai. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun daidai ne, kuma a nan ne aka fi samun ruɗani. Ƙa'idar tikitin jirgin sama a ko'ina ita ce a rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, a rubuta lokacin sauka da agogon garin da za a sauka. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2 cif, kuma babu ɗaya daga cikin ƙasashen biyu da ke sauya agogo da rani ko da hunturu kamar yadda ake yi a Turai, saboda haka wannan bambanci bai taɓa motsawa a tsawon shekara.

Wanda ya tashi daga Jidda ƙarfe 10 na safe ya yi awa 4 da minti 45 a hanya, agogon hannunsa zai nuna 2:45 na rana idan bai taɓa shi ba, amma agogon Kano yana 12:45. A dawowa lissafin juyawa yake yi: wanda ya bar Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa 4 da minti 45, zai sauka Jidda agogonta yana nuna 4:45 na asuba, sai a ga kamar ya yi awa 6 da minti 45. Hanya mai sauƙi ita ce: idan Kano aka nufa, a ƙara awa 2 a kan abin da tikiti ya nuna, idan Jidda aka nufa, a cire awa 2. Jamhuriyar Nijar da Chadi agogonsu ɗaya da na Najeriya, Sudan kuwa tana tsakiya, awa 1 take gaban Kano, awa 1 kuma take bayan Jidda, tun da ta sauya agogonta a watan Nuwamban 2017.

Ta kan waɗanne wurare jirgin yake bi?

Miƙaƙƙiyar hanya daga Jidda tana farawa ne da tsallake Bahar Maliya, wanda faɗinsa a wannan daidai bai wuce abin da jirgi zai ci a cikin minti 20 ba. Daga nan sai a shiga Sudan ta arewa da Bur Sudan, a ratsa hamadar Nuba, a tsallake Kogin Nilu a wajajen Dongola, can arewa da Kartum. Wanda ya samu kujerar taga da rana zai ga kogin kamar koren zare a tsakiyar yashi, da gonaki manne a gaɓarsa, sannan ya ɓace a cikin 'yan mintoci. Sauran tafiyar hamada ce: arewa maso yammacin Sudan, sai duwatsun Ennedi a Chadi, sai a gifta ta kusa da Tafkin Chadi da kusurwar Nijar ta wajen Diffa, sannan a faɗo Najeriya ta sararin Yobe da Jigawa a fara gangarowa Kano.

Abin lura shi ne Sudan ita kaɗai ta cinye kaso mai yawa na wannan tafiya. Shi ya sa duk abin da ya taɓa sararin samaniyarta sai ya taɓa aljihu da lokacin matafiyin Kano.

To me ya sa a 'yan shekarun nan ake jin tafiyar ta kai awa shida ko bakwai?

Yaƙin Sudan ne. A ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin ƙasar da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ga jiragen fasinja. A watan Agustan shekarar an sake buɗe sashen gabas domin jiragen da ke sauka Bur Sudan, amma wannan bai amfani mai son ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma ba. Ya zama dole jirage su yi zagaye, ko dai ta arewa, su bi sararin Masar da Libiya su gangaro ta Chadi, ko kuma ta kudu, su bi Habasha su kewayo ta tsakiyar Afirka da Kamaru. Kowace daga cikin hanyoyin biyu tana ƙara ɗaruruwan kilomitoci, ta kudun ma tana iya ƙara sama da dubu, kuma kowace ƙasa da aka ratsa sai an nemi izininta an biya ta kuɗin amfani da sararinta.

Aikin Hajjin 2023 ne ya fara cin karo da wannan matsala, domin yaƙin ya tashi ne makonni kaɗan kafin a fara jigilar maniyyata. Kamfanonin jirage suka ce ba za su iya aiki a kan tsohon farashi ba, har hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, ta amince da ƙarin Dala 250 a kan kowace kujera. Mutane da yawa sun ɗauka zalama ce kawai, amma lissafin mai yana goyon bayan kamfanonin a wannan karon: jirgi irin A330 yana ƙona kusan tan 6 na mai a kowace awa, don haka ƙarin awa 2 yana nufin ƙarin sama da tan 10 a tafiya ɗaya, kuma nauyin man da aka ƙara yana iya rage kayan da jirgin zai ɗauka. A cikin wannan shekarar dai, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijar ma ta rufe nata sararin daga farkon Agusta zuwa farkon Satumba, abin da ya ƙara ƙuntata wa jiragen yankin.

Muddin jirage ba su koma ratsa tsakiyar Sudan ba, mai hankali zai sa a ransa awa 6 ko fiye, ya kuma dogara da abin da ke rubuce a tikitinsa na yanzu, ba da abin da wani ya ba shi labari daga tafiyar da ya yi shekaru biyar da suka wuce ba.

Gaskiya ne zuwa ya fi dawowa sauri?

Yakan faru, amma ba kullum ta fuska ɗaya ba. Jirgi a cikin iska yake tafiya, kuma a tsayin da yake bi iska tana da ƙarfin da ba a sani ba a ƙasa, har takan haura kilomita 100 a awa. Lamarin kamar na mai tuƙa kwalekwale ne a kogi: ƙarfin hannunsa ɗaya ne, amma idan yana bin ruwa ya fi saurin isa a kan idan yana haurawa.

Da hunturu, daga wajen Disamba zuwa Maris, iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman arewacin Afirka da yankin Larabawa, don haka jirgin da ya taso daga Kano ya nufi Jidda yana samun turi daga baya, mai komawa Kano kuma yana fama da ita a gaba. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, akwai wata iskar ta daban da ke tasowa daga wajen Indiya tana ratsa Afirka daga gabas zuwa yamma, sai lamarin ya sauya ya zama mai komawa gida ne ke cin riba. Bambancin yawanci bai wuce minti 15 zuwa 40 ba. Ba abin da zai sa a canja ranar tafiya ba ne, amma yana bayyana dalilin da ya sa mutum biyu da suka hau jirgi iri ɗaya a watanni daban-daban suke kawo lissafi daban.

Tun da duniya tana juyawa zuwa gabas, bai kamata Kano ta riƙa matsowa ta tarbi jirgin da ya nufi yamma ba?

A'a. Iskar da ke kewaye da duniya tare take juyawa da ita, kuma jirgin da ke tsaye a Jidda shi ma yana cikin wannan juyi tun kafin ya tashi, ba ya kuma rabuwa da shi don ya ɗaga sama. Abin da juyawar duniya ke haifarwa shi ne bambancin lokacin fitowar rana da faɗuwarta, ba raguwar nisa ba.

Idan ban samu na kai tsaye ba, yada zango zai ƙara mini awa nawa?

Jiragen kai tsaye tsakanin Jidda da Kano ba kullum ake samunsu ba, kuma jadawalinsu yana sauyawa da lokacin Umara da Hajji. Saudia ta daɗe a wannan hanya, a lokacin Hajji kuma akan ga kamfanoni irin su Flynas da Max Air da Air Peace. Wanda bai dace da ɗayansu ba, sai ya bi ta wata ƙasa.

Ta Alƙahira, Jidda zuwa can kimanin kilomita 1,200 ne, daga can zuwa Kano kuma kimanin 3,100, jimla 4,300. Ta Addis Ababa, kashin farko kimanin 1,400 ne, na biyu ya haura 3,300, jimla kusan 4,750. Ta Doha kuwa sai an fara yin gabas, wato an juya wa Kano baya, na kimanin kilomita 1,300, sannan a dawo a yi 4,750, jimla ta haura 6,000, kusan ninki biyu na miƙaƙƙiyar hanya.

Duk da haka ba nisan ne ke cin matafiyi ba, jiran ne. Zaman sama a hanyar Alƙahira ko Addis Ababa bai cika wuce awa 7 zuwa 8 ba, amma idan jirgin farko ya sauka da tsakar dare na biyu kuma sai da hantsi, tafiyar ta zama ta awa 14 ko 18. A ganina tikitin da ya fi araha da Riyal ɗari biyu ko uku amma ya ɗora wa mutum kwana a kan kujerar ƙarfe bai cancanci a kira shi mai araha ba, musamman ga mai yara ko mai tsoho. A ɗaya gefen kuma, tazarar da ta gaza awa 2 tsakanin jirgi da jirgi tana da haɗari, domin jinkiri kaɗan a Jidda ya isa ya sa mutum ya rasa na biyun, ko shi ya isa akwatinsa bai isa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sayi tafiyar duka a tikiti ɗaya, domin a irin wannan hali kamfani ne ke da alhakin sama wa fasinja wani jirgi. Wanda ya sayi kashi biyu daban-daban, asarar tasa ce.

Idan daga Madina zan tashi, ko kuma ba Kano zan sauka ba fa?

Madina tana arewa da Jidda, kuma nisanta da Kano ya kai kimanin kilomita 3,550, wato ƙarin kusan 140, abin da jirgi ke ci a cikin minti 10. Mazaunin Madina ba shi da dalilin saukowa Jidda don rage hanya, sai dai idan can ne ya samu jirgi.

Daga Jidda, Maiduguri ce mafi kusa a manyan filayen arewacin Najeriya, kimanin kilomita 3,000. Abuja da Sakkwato kowace kimanin 3,700 ce, Yamai kimanin 4,000, Legas kuma kimanin 4,200. Wanda ya sauka Abuja ko Legas alhali Kano ya nufa, sai ya ƙara jirgin cikin gida na awa 1 ko awa 1 da rabi, ban da jira da sake awon kaya, kuma jiragen cikin gida ba su cika barin nauyin kayan da jirgin ƙasa da ƙasa ya bari ba.

Daga ƙofar gidana a Makka zuwa ƙofar gidanmu a Kano, awa nawa zan ware?

Wannan ita ce tambayar da ta fi amfani, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Filin jirgin Jidda yana arewacin birnin ne, don haka mai tasowa daga Misfala ko Shari Mansur a Makka yana da tafiyar kusan kilomita 100, awa 1 da rabi a mota idan hanya ba ta cushe ba. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana da tasha a cikin sabon ginin filin jirgin, kuma yana kawo mutum daga Makka a ƙasa da awa 1, sai dai yana da iyaka a kan yawan kaya, ga shi kuma mai tafiya gida ba ya rabuwa da tsaraba.

A filin jirgi ana buƙatar mutum ya isa aƙalla awa 3 kafin tashi, kuma jirgin Kano yana cikin waɗanda awon kayansu ke ɗaukar lokaci. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wannan layi ya ga yadda ake buɗe akwati a ƙasa ana ciro dabino da abaya da darduma ana tura su cikin jakar hannu don sikeli ya sauko daga kilo 26 zuwa 23. Ruwan Zamzam ma nasa wurin daban, a cikin kwali mai lita 5 da aka rufe musamman domin jirgi. Mai iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, sai ya tabbatar bizarsa ta fita da dawowa ta fito tun kafin ya baro gida, domin a wurin jami'an jawazat, wato na shige da fice, ba a gyara wannan. Ga alhazai kuwa, waɗanda ke bi ta tashar alhazai mai rufin tantuna da aka buɗe a 1981, akan kwaso su daga masauki awanni masu yawa kafin tashi, don haka nasu lissafin ya fi na kowa tsawo.

A Kano, shige da fice da jiran kaya da kwastam suna cin awa 1 zuwa 2 idan babban jirgi ya sauke mutum ɗari uku ko huɗu a lokaci ɗaya. Sa'ar da aka yi ita ce filin jirgin yana cikin gari. Idan aka tara duka, tafiyar da ake kira ta awa 5 ta zama ta awa 11 zuwa 14, kuma mai wucewa Katsina ko Zariya yana da sauran awa 2 zuwa 3 a mota.

Hazo yana hana jirgi sauka a Kano?

Yana iya hanawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele a Chadi, ta lulluɓe Kano har a kasa hango abin da ke gaba da 'yan ɗaruruwan mitoci. Idan ganin ya gaza abin da ƙa'ida ta gindaya, ko dai a jinkirta tashi tun daga Jidda, ko jirgi ya yi shawagi yana jira, ko a karkatar da shi Abuja ko Legas. Da damina hadari ne ke sa matuƙi ya kauce ko ya jira, amma shi yakan wuce da wuri, ba kamar hazo ba da ke iya kwana biyu ko uku. Wanda ke da ɗaurin aure ko suna a gida a tsakiyar hunturu kada ya sayi tikitin da zai sauke shi ana gobe.

Yaya salla da azumi suke a wannan tafiya?

Nisan ya ninka abin da malaman fiƙihu suka gindaya na ƙasaru, wato kimanin kilomita 80, sau fiye da arba'in, saboda haka matafiyi yana da sauƙin yin ƙasaru, yana kuma da damar haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Lisha. Mafi yawan tafiye-tafiyen kai tsaye ana iya tsara su ta yadda mutum zai yi sallarsa a ƙasa kafin tashi ko bayan sauka. Asuba ce ke da wuya, domin ba a haɗa ta da kowace, kuma mai tahowa daga Kano da dare yana tunkarar alfijir ne, sai ya keto masa da wuri fiye da yadda ya zata. Game da alƙibla, daga Kano tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, kimanin digiri 68, wato kusan inda hancin jirgin Jidda ke kallo a miƙaƙƙiyar hanya. Mai komawa Kano kuwa alƙibla tana bayansa.

Mai azumi da ya nufi Kano da yamma sai ya yi haƙuri, domin yana bin rana ne. Tazarar da ke tsakanin biranen biyu ta kai digiri 30 da ɗoriya, kuma rana tana cin digiri 15 a kowace awa, don haka faɗuwarta a Kano tana zuwa ne kimanin awa 2 bayan ta faɗi a Jidda. Wanda ya tashi ƙarfe 4 na yamma zai ga agogon Saudiyya ya wuce lokacin shan ruwa, rana kuwa tana nan a taga. Hukuncin da malamai suka bayar shi ne ba a shan ruwa da agogon garin da aka baro, sai an ga faɗuwar rana daga inda ake. Matafiyi dai yana da rangwamen ajiye azumin ya rama daga baya.

A ina mai zuwa Umara daga Kano zai ɗaura harami?

Mafi yawan malamai ba su ɗauki Jidda a matsayin miƙati ga wanda ya zo daga waje ba, saboda haka wanda zai wuce Makka kai tsaye yana yin niyya ne a sama, sa'ad da jirgi ya zo daidai da miƙati. Ma'aikatan jirgi sukan yi sanarwa tun da sauran lokaci, amma jirgin da ke cin kilomita 14 a minti ɗaya ba ya jiran mai layin banɗaki, don haka ya fi kyau a yi wanka a sa tufafin harami tun daga Kano, a bar niyya da talbiyya sai an yi sanarwa. Wanda ya fara sauka Madina ba shi da wannan damuwa, a Zul Hulaifa zai ɗaura, wurin da ake kira Abyar Ali. Mazaunin Jidda kuwa daga gidansa yake ɗaurawa.

Mahaifiyata ta manyanta, kuma ƙafafunta suna kumbura. Za ta iya wannan zama?

Da yardar Allah Hajiya za ta iya, idan likitanta bai hana ba. Iskar cikin jirgi daidai take da ta saman dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma busasshiya ce, don haka mai ciwon zuciya ko na numfashi ya kamata ya ga likita tukuna. Dogon zama wuri ɗaya yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. A nema mata kujerar gefen hanya, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa kowace awa ɗaya ko biyu, ta riƙa shan ruwa ko da ba ta ji ƙishi ba. Tsofaffinmu da yawa suna ƙin shan ruwa a jirgi don gudun zuwa banɗaki, wannan kuwa shi ne abin da bai kamata ba. Magungunanta su kasance a jakar hannu, a kuma nemi keken guragu daga kamfani kwana 2 kafin tafiya, domin tazarar da ke cikin sabon ginin filin Jidda ba ƙarama ba ce. Idan da hali, a biya bambancin a saya mata na kai tsaye.

Kafin jirgin sama, tsawon wane lokaci ake ɗauka?

Watanni ga mai guzuri, shekaru ga mara shi. Hanyar ita ce daga Kano zuwa Borno, a shiga Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, a wuce Abeshe, a shiga Sudan ta Janaina, sai Alfashir da Al'ubayyid da Kartum, sannan Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa sukan tsaya su yi noma ko ƙwadago don tara kuɗin gaba, musamman a gonakin auduga na Jazira da aka fara a 1925, kuma wasu a nan suka yi aure suka hayayyafa. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Shuɗin Nilu ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Kakannin Hausawa da yawa da ke Makka da Jidda a yau ta wannan hanya suka zo.

Jirgin sama ma da farko wannan layin ya bi. Jiragen farko da suka sauka Kano, a watan Nuwamban 1925, na sojan saman Ingila ne guda uku da suka taso daga Masar ta Kartum, kuma a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Kartum da Kano yana tsayawa a garuruwan Kordofan da Darfur da Chadi da Maiduguri, domin jiragen lokacin ba su iya dogon zango ba tare da shan mai ba.

Wane lokaci zan gaya wa masu zuwa tarbata?

A ba su lokacin saukar da ke rubuce a tikiti kamar yadda yake, kada a ƙara masa ko a rage masa komai, domin da ma da agogon Kano aka rubuta shi. A haɗa musu da lambar jirgin, wadda ke farawa da haruffa biyu na kamfani, kamar SV na Saudia ko ET na jirgin Habasha ko MS na jirgin Masar, domin da ita za su iya duba inda jirgin yake a waya su san ko ya makara. A kuma duba kwanan wata da kyau idan tashin na bayan sha biyun dare ne: jirgin da tikiti ya nuna ƙarfe 1:30 na dare ranar Juma'a yana nufin a je filin jirgi tun ranar Alhamis da dare. Su kuma masu tarba, su ba da tazarar awa 1 bayan lokacin sauka kafin su fara sa ran ganin mutum ya fito da kayansa.